Jan Fentin Baba Maiwada

Kafin motar farko ta Zariya ta cika, Baba Maiwada ya riga ya jera bokitansa a bayan tashar Ikara. Soson da yake wanke taya da shi a katangar gidansa yake yaɗo. Tsumman goge gilashi kuwa yadin auduga ne, shi ke yankawa da almakashinsa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wankin mota. Ƙarshen watan nan zai ajiye soso, gwiwa ta ce ta gaji.

Ni matar direba ce, kuma saboda 'yata Lubna na ɗauki biro.

Tana da wata huɗu muka shirya zuwa suna Maƙarfi a motar maigidana, Shamsuddeen. Muna jiran fasinja ta ɓata jikinta. Na laluba jaka, ashe na baro tsummanta a gida. A gaban mota na ga ledar wasu 'yan ƙyallaye masu danshi, da hoton koren ganye a jiki, sak irin na goge jarirai. Maigidan ya ce, "Goge mata mana. Mai shagon ya ce da zaren tsiro aka yi, ba roba." Na zaro ɗaya.

"'Yata, dakata!" Baba ne, kumfa na ɗiga daga hannunsa. "Kai Shamsu, me kake gogewa da wannan?"

"Gaban mota, Baba. Sheƙi yake sa shi."

"To ɗuwawun jikata ma sheƙi kake so ya yi?"

'Yan kamasho suka kwashe da dariya. Baba bai yi ba. Ya buɗe mini tafin hannunsa, duk ya tsattsage. Ya ce, "Zaren na tsiro ne, ban musa ba. Ruwan da aka jiƙa shi fa? Tumfafiya ma ganye gare ta, wa ya taɓa shafa wa jariri nononta?" Ya miƙo mini sabon yankin auduga da bai taɓa mota ba, haɗe da buta.

Washegari ya zo da gwangwanin jan fenti. Duk ledar goge mota, duk tsumman da ya sha man sheƙi, sai ya ɗangwala masa ja kafin motar ta tashi. Ya san halin mazanmu: abin da ya rage a mota gida yake tahowa. A gida kuwa tsumma ba ya zaman banza, ko a tace kamu da shi, ko a share wa yaro majina.

Nehemiya, abokin aikinsa, ya ba ni wani labarin. Da damina ta faɗi Baba ya binne ƙyallaye iri uku, duk masu hoton ganye. Da kaka ya tono. Ɗaya ya ruɓe, biyu suna nan kamar jiya aka binne su. Ya rataye su a ƙusa direbobi su gani da idonsu. Tun daga nan a tsohon duro ake tara su, ba a yar da su inda awaki ke kiwo.

Baba, kai ne ba ka karanta rubutun jikin leda ba, amma ka karanta hannunka. Kai ne ka tsawata wa mijina a gaban mutane, ya kuma dawo yana gode maka. Mai jan fenti, garkuwar jarirai, Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya.

Gwangwanin yana hannun Nehemiya yanzu. Masu wankin mota na Kudan, Ɗandamisa da Janfalan, fenti ba wuyar samu gare shi ba, ku ma ku ɗangwala. 'Yan'uwana mata, kome koren ganyen leda, a tambaya kafin ta taɓa yaro.

Shekaranjiya baban Lubna ya shigo da wata leda mai jan tabo, ya ajiye kusa da jaririn ƙaninta. Lubna, shekararta uku, ta ɗauke ta kai bakin ƙofa.

"Abba, wannan na mota ne. Baba ya sa ja."