Zogalen da Kaka Ta Sare a Utaiqa

Har yanzu idan ƙamshin gawayi ya haɗu da na ƙasar da aka yayyafa wa ruwa, sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu na unguwar Utaiqa a ƙasar Larabawa, ina tsugune gaban kaskon wuta, ƙafafuna cikin safar Baba. A lokacin Baba injiniya ne a wani kamfanin gine-gine da ke aiki a unguwar Ulaya. Ni kuwa ina firamare, Larabci ya fi Hausa zama a bakina. Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo mana daga ƙauyensu na wajen Funtuwa da 'ya'yan zogale ƙulle a bakin zanenta.

Da zuwanta ta shuka yawancinsu, don a lissafinta damina ta kama. Ta yi ta duban sama, hadari bai zo ba, rana ta gasa tsiron har ya koma kamar ƙonannen zare. Maƙwabciyarmu Ummu Salih ce ta gaya mata, ni ina yi musu tafinta, cewa a nan ba a shuka sai tauraron Suhail ya fito, zafi ya karye. Kaka ta riƙe haɓa.

"Wato ƙasar nan a kife take. Lokacin da mutane ke girbi su suke shuka."

Amma ta ji maganar. Da iska ta fara sanyi ta sa Baba ya sayo takin tumaki, ta yi kwanaki tana zuba wa ƙasar ruwa don gishirinta ya sauka, sannan ta binne ukun da suka rage. Ɗaya ya fito. Ta ce nawa ne. Kullum bayan la'asar ina ba shi ruwa, ina gwada tsawonsa da nawa, ina gaya masa abin da aka koya mana a makaranta. Sanyin farko ya zo da sauƙi. Kafin shekara ta zagayo ya wuce katanga, kuma Kaka ta koya mini shirin kaka irin nata: a rage ban ruwa, a tara ƙasa a gindinsa, a tsinki ganye a shanya a inuwa don kwaɗo.

Sanyi na biyu ne ya zo da fushi. Cikin kwanaki arba'in ɗin nan da Larabawa ke kira Marba'aniyya, mun tashi wata safiya ruwan buta ya daskare, ganyen zogalen ya yi baƙi ya langaɓe. Da na dawo daga makaranta na tarar Kaka ta sare shi, saura kututture iya gwiwata, ta naɗe shi da buhu da tsohon zanenta. Na yi kuka har murya ta dushe. Na ce ta kashe shi, na faɗa da Larabci don kada ta ji, amma ta gane. Na daina yi mata magana.

Bayan magariba Mama ta hura kasko kamar kullum. Na zauna na juya wa Kaka baya.

"Ga wata tatsuniya tana sallama a ƙofa," in ji Kaka. "In shigo da ita?"

Na ƙara matsawa gefe.

"To, Balarabiya ta yi yaji. Shigo abinki, ni da wuta za mu saurare ki."

Ta ce Sanyi matafiyi ne da ba shi da riga. Duk shekara yakan sauka a lambun wata tsohuwa yana roƙon itatuwa abin rufa. Ya je wa Gwanda, ta buɗe manyan ganyayenta ta ce ba ta tuɓe wa baƙo. Sanyi bai yi gardama ba. Ya zagaya ya ga cikinta rami ne, ya shige ya kwanta, kafin gari ya waye ta zube. Ya zo wa Zogale. Zogale ya san ƙashinsa ba ƙwari, sai ya ce, ga rigata, ga hannayena ma, ɗauki ka ji ɗumi. Shi kuma ya tattara ransa ya sauka ɗakin uwarsa a ƙarƙashin ƙasa, ya ja ƙofa. Sanyi ya zauna a kan kututturen kwana arba'in yana kasa kunne ko zai ji numfashi. Bai ji ba. Ya gaji, ya ɗauki sandarsa ya yi gaba.

Ban san lokacin da na juyo ba.

"Sai me ya faru, Kaka?"

"Au, ashe da Hausa a bakin? Sai Zogale ya leƙo ya ce, ya tafi? Nan ta tsaya. Wanda bai yarda ba ya bi Sanyi ya tambaye shi."

Ta kafa mini doka: kada in kwance buhun, kada in ba shi ruwa sai kofi ɗaya ranar Juma'a, don mai barci ba ya son a jiƙa masa shimfiɗa. Na bi. Ina tsugunawa in yi masa raɗa cewa baƙon bai tafi ba tukuna. Da sanyi ya ja baya, wata safiya na ga ɗan kore kamar kunnen ɓera ya leƙo ta bakin buhun. Na ruga na faɗa jikin Kaka. Ta ce in sake ta, zan karya mata ƙugu.

Bayan shekara ta koma gida, kuma can Allah ya karɓi abarsa. Na girma ina ɗaukar tatsuniyar darasin haƙuri, cewa abin da ya yi shiru ba lalle ya mutu ba. Na jingina da wannan a lokutan da raina ya yi sanyi, ya kuwa riƙe ni.

Sai da na gama jami'a, ina taya Mama tsinkar zogale, ta gaya mini sauran. Kututturen bai farka ba. Tun mako na biyu Kaka ta kankare ɓawonsa da farce ta ga ya ruɓe. Amma ranar da ta sare shi ta ware reshe ɗaya mai kauri, ta soka shi cikin gwangwanin yashi, ta ɓoye a bayan murhun gas inda ɗumi yake. Da sanyi ya wuce, ina makaranta, ta dasa shi jikin kututturen ta mayar da buhun.

Mama ta ce duk kwanakin nan Kaka ba ta san ko reshen zai kama ba. Kullum takan leƙa gwangwanin ta ce, "Kai dai ka rufa mini asiri, na riga na yi wa yarinya alkawari."