Irin albasar Yaya Sani

A Garou muna hura wuta ne saboda sauro. Damina na ƙarewa, bayan isha'i, sai kakata Inna Gambo ta zuba ɗanyen ganye bisa garwashi, mu jikoki mu kewaye ta, ido na hawaye, kunne na jiran tatsuniya.

Daren da nake tunawa, ba wanda ya yi dariya. Yaya Sani, wanda ke riƙe da gonarmu tunda Baba ya rasu, ya ɗaure ƙullin irin albasarmu bayan moto, babur ɗinshi. Kasuwar Malanville za shi, ya saida, ya kai ma budurwarshi Rabi toshi. Wani ɗan kasuwa ya shiga neman ta, kuma duk zuwan da ya yi zance sai ya aje turare da atamfa. Mu kuwa in irin nan ya tahi, ba albasa bana. Uwarmu ta yi kuka har ta gaji.

Inna Gambo ba ta ko dube shi ba. "Ku matso, ga ta nan ta iso," ta ce.

Wai wani masunci ne ya ga budurwa ƙetaren kogi. Bai da abin toshi, sai ya ciro katako guda daga jirginshi ya saida, ya sai mata zobe. Ta yi murmushi. Ya sake ciro wani, ya sai mata kallabi. Ruwa ya soma shiga, yana tuƙi yana kwalfewa.

Yaya Sani ya taka moto. Inna ta ɗaga murya ta rinjayi injin.

"Ran da tac ce ta yarda, yaz zo bakin ruwa da murna. Mi yag gani? Filafili kawai! Tana can tana kira, shi yana nan tsaye."

"Inna, da ni kike?"

"Ni da jikokina nike, angona. Tahi abinka."

Ya tahi. Ba wanda ya nemi tatsuniya ta biyu, munka zauna muna sauraren hanya.

Da ya dawo, ƙullin na nan a ɗaure. Ya jefa shi gaban Inna. "Na gaya ma Rabi gaskiya, sai albasa ta nuna. Ta ce ba ta iya jira."

Rabi ta auri ɗan kasuwa. Albasa ta yi kyau, munka ci, munka biya kuɗin lakkwal, makarantarmu. Amma Yaya Sani ya daina zama bakin wutar nan, har Inna ta rasu bai ƙara jin tatsuniyarta ba. Na daɗe ina jin haushin Rabi. Yanzu da na girma, ban san ko laifinta ba ne, ita ma gidansu ba hatsi.

Ranar da mai nemana ya zo zance ya aje mini atamfa mai tsada, ban taɓa ta ba. Na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, wane katako ka ciro?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce keken ɗinkinshi.