Tsiryar Manu

A rugar su Manu, kusa da Sule Tankarkar, babu wanda zai ce ya taɓa ganin ya gama cin tuwo a zaune. Zai kai loma biyu, ya miƙe ya leƙa garke, ya dawo ya ƙara ɗaya a tsaye, ya sake fita. Tun yana yaro haka yake. Kiwo ne kaɗai ya dace da shi, domin saniya ba ta daɗewa wuri ɗaya. Matarsa Yelwa kuwa mace ce mai natsuwa, mai son inda ta ajiye ƙwaryarta jiya ta same ta a nan yau.

A shekarar 1972 damina ta yi gardama, ciyawa ta ƙare tun kaka, makiyaya suka koma saran rassan gawo suna ba dabbobi. Rannan Manu yana bisa wani tsohon gawo ya sari reshe mai kauri, ashe cikinsa kogo ne. Da reshen ya faɗi ya tsage, sai ga 'ya'yan tsuntsu biyu kwance cikin garin ruɓaɓɓen itace. Ɗaya faɗuwar ta kashe shi. Ɗayar tana motsi, gashi bai gama rufe ta ba, baki kamar ya fi kan girma. A sama iyayen suna ta kewayawa suna wani kuka mai tsini, kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Ya gane su. Tsirya ce, ƙaramin akun nan na daji, mai gajeriyar wutsiya, wadda manoma ke kora daga gonar gero. Ya duba inda zai mayar da ita bai samu ba, gidan ya riga ya rushe a hannunsa. Ya cire malafarsa ya sa ta ciki, ya nufi gida.

Yelwa ta kawo madara za ta ɗura mata, sai Kawu Ɗantsoho, wan mahaifiyar Manu, ya hana. Ya ce tsuntsu bai san nono ba, cikinta zai lalace. Abin da uwar ke yi shi ne ta ci ta tausasa, sannan ta zuba wa ɗanta baki da baki. Manu ya ɗauki wannan. Ya riƙa tauna gero da 'yar gyaɗa har su yi laushi, ya kara bakinsa da nata. Ya sa ta cikin ƙwarya da tsumma, yana yawo da ita wurin kiwo a rataye, yana yi mata magana da Fillanci kamar ɗan maraƙi.

Ta rayu. Gashi ya fito: kai toka-toka, baya kore shar, ciki ruwan ɗorawa, koren ya gangaro ƙirji ya tsuke kamar wuyan riga. Ya sa mata suna Tsanwa. Idonta da fari baƙi ne wuluk, sai a hankali ya washe ya koma rawaya. Takan riƙe 'ya'yan magarya ko ɓaure da ƙafa ɗaya ta kai baki, kamar mutum da hannunsa. Ba ta iya maganar mutane sosai irin babban akun kurmi ba, amma fito ba ya wuce ta. Ta kwashe fiton da Manu ke kiran shanu da shi tsaf, har wata rana ta juyo da garke tun rana ba ta yi sanyi ba.

Manu kaɗai ta sani. In Yelwa ta miƙa hannu, sai ta tayar da gashin wuya, ƙwayar idonta ta tsuke, ta kai cizo. Sau ɗaya ta huda mata yatsa har jini ya fita, Manu yana gefe yana dariya.

Damina ta gaba ta fi ta baya muni. Rijiyoyi suka janye, shanu suka fara kwanciya ba sa tashi. Manu ya kora abin da ya rage ya yi kudu neman ciyawa, ya bar Tsanwa wurin Yelwa don tafiyar ba ta wasa ba ce. Ya dawo bayan watanni da 'yan ƙwarori da ba su kai a kira su garke ba. Tsuntsuwar kuma ya tarar ta fige gashin ƙirjinta da bakinta, fata tsirara. Yelwa ta ce abinci bai taɓa yanke mata ba, ko da su suka kwana da yunwa. Tun ranar da ya tafi ta fara figar kanta.

Ranar wata Alhamis ya kai ragowar shanun kasuwar Maigatari ya rabu da su, ya dawo da sanda da igiya. Daga nan ƙafarsa ba ta ƙara sanin hutu ba. Ya kwashe Yelwa suka koma Gumel, ya yi ga-ruwa, kafin wata uku ya ce garin ya yi masa ƙunci. Suka koma wani ƙauye ya yi ƙodago, bai kai girbi ba ya ajiye fartanya. Ya gwada tallan kanwa a kasuwannin kan iyaka, ya bari. Duk inda suka sauka, kafin Yelwa ta gama sanin sunan maƙwabta, sai ta ga yana ɗaure tabarma. Tsanwa tana kafaɗarsa duk inda ya sa gaba, gashinta ya dawo. Kejin kara ya yi mata, ta cinye shi cikin kwana kaɗan. Ya yi na biyu, shi ma ta cinye shi. Sai da wani maƙeri ya ƙera masa na waya. Da safe takan saki fiton kiran shanu a tsakar gidan haya da babu ko akuya. Manu ya tashi ya fice, ba ya dawowa sai yamma.

A Gagarawa Tasha suka ɗan zauna. Ya sami dako, yana loda buhunan gyaɗa a jirgin ƙasa. Yelwa ta fara sayen nono wurin danginta da Allah ya bar wa dabbobi, tana dama fura tana kai wa fasinja in jirgi ya tsaya. Suka sami ɗaki da 'yar rumfa ƙarƙashin darbejiya. Sai ciwo ya faɗa wa gyaɗa a gonaki a shekarar 1975, buhuna suka yi ƙaranci, dako ya mutu. Manu ya dawo gida da la'asar ya ce wa Yelwa ta shirya, ya ji labarin aiki a Malam Madori.

Yelwa tana tsugune tana wanke ludayi. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, ni na iso."

Ya tambaye ta me take nufi.

"Na bi ka Gumel, na bi ka ƙauye, na bi ka bakin iyaka. A nan mutane sun san furata. In za ka tafi, Allah ya kiyaye hanya, ka dawo ka same ni. Amma ba na ƙara ɗora turmi a ka."

Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kai ƙara wurin Kawu Ɗantsoho da ya zo cin kasuwa. Tsohon ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce yarinyar nan ba ta yi laifi ba. Manu bai je Malam Madori ba, amma bai zauna ba. Fataken shanu na Maigatari suna neman wanda ya san dabba, ya hau bayan mota ya kula da su har ƙasar Yarabawa, kada wata ta faɗi a tattake ta. Ya karɓa. Bayan motar shanu ba wurin tsuntsu ba ne, ga rana ga ƙaho. Ya ajiye kejin a rumfa, ya ce tafiyar mako uku ce.

Da ya isa kudu ya sami aiki a kara, wato kasuwar shanu, daga nan ya bi wasu zuwa wani gari, daga can wani. Saƙonsa yakan zo ta bakin direbobi, wani lokaci da turmin atamfa. Damina biyu ta wuce bai dawo ba.

Tsanwa ta sake fara figar ƙirjinta. Yelwa ba ƙaunarta take ba, amma ba ta iya kallon rai yana cin kansa a gabanta. Ta tuna cewa a daji ba a ganin tsirya ita kaɗai, sai bibbiyu ko 'yar ƙungiya, kullum bakinsu na kan wani abu. Sai ta matso da kejin kusa da turmi, inda take wuni. Tana daka tana yi mata hira, labarin fasinja, labarin tsadar nono, har da abin da ba ta faɗa wa kowa. Ta riƙa yanko mata ɗanyen reshen magarya ta ɓarza. Ta rage mata gyaɗa, don ta lura in ta yawaita tsuntsuwar kan yi nauyi ta ƙi komai, wadda ta yi fumfuna kuwa ko kusa ba ta ba ta. Ta koma ba ta zangarniyar gero, da kanya, da gwanda in an samu daga jirgi. Ta ajiye mata kasko da ruwa, ta ga yadda take shiga tana fantsama har ta jiƙe sharkaf. In za ta hura wuta sai ta janye kejin daga hayaƙi. Ta sha cizo ba adadi. Wata rana tana tsince gero, tsuntsuwar ta matso jikin waya ta sunkuyar da kai, ta buɗe gashin ƙeya. Yelwa ta daɗe tana kallonta kafin ta sa yatsa ta sosa mata.

Manu ya sauka daga jirgi ana gab da shuka, ya rame, da rediyo a rataye. Ya shigo gida ya tarar da Yelwa tana dama fura, Tsanwa a kafaɗarta tana wasa da ɗan kunnenta, gashi ya cika yana ƙyalli. Ko jakarsa bai ajiye ba ya yi fito ya miƙa hannu. Tsuntsuwar ta karkata kai ta dube shi, ta kafa masa baki a babban yatsa.

Ya tsaya yana kallon jinin. Yelwa ba ta yi dariya ba. Ta kawo ruwa ta wanke masa, ta ce, "Ka yi haƙuri da ita. Ta jira ka har ta gaji."

Abin ya tsaya masa a rai fiye da yadda ya zata. Ya ce wa mutane zai koma kudu bayan sati, sati ya wuce yana nan. Ya ari gona wurin mai unguwa ya shuka gero, abin da bai taɓa kai wa ƙarshe ba. Noman ma a tsaitsaye ya yi shi: ya yi kunya biyu ya dawo gida ya leƙa keji, ya koma, ya zaga tasha ya ga wa ya sauka. Kullum yana tafe da wani abu a aljihu, ɗinya ko tsamiya, ya zauna nesa kaɗan yana miƙa wa Tsanwa yana magana ƙasa-ƙasa. Da farko juya masa baya take yi. Daga baya ta riƙa fizgewa ta gudu can ƙarshen sandar kejin ta ci. Ana cikin girbi ta fara karɓa a hannunsa ta ci a nan, har ta bari ya taɓa bakinta. Kafaɗarsa dai ba ta ƙara hawa ba.

Geron ya yi kyau a shekarar. Ya ɗaure dammuna, ya gina ɗan rumbu a bayan ɗaki ya zuba, ya ware zangarniya masu kyau ya rataye a rumfa saboda Tsanwa. Mutanen tasha suka fara cewa Manu ya zama ɗan gari. Ba a yi wata guda ba wani bafatake ya aiko yana neman mai rakiyar shanu. Ya kwana biyu yana shiga yana fita, ya ɗauki jaka ya ajiye, ya sake ɗauka. Ranar Laraba da hantsi ya ce wa Yelwa wannan karon iyakarsa Kano, kuma zai dawo kafin Sallah. Ta ce to, ta ƙulla masa fura a ƙyalle. Ya bar mata rediyon, ya tari motar Gumel don ya kwana kusa da kasuwar Maigatari.

Ya dawo kafin Sallar kuwa, ya yi kwanaki, ya sake tafiya. Haka ya ci gaba har shekaru suka shuɗe: rani a hanya, damina a Gagarawa Tasha, gonar aro ta zama tasa.