Dakta Zinariya, Mai Auna Ƙugun Mutanen Kasuwa

Ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa samun Dakta Zinariya Labaran a gida. Da ƙafa take zuwa ɗakin gwaje-gwajenta, har 'yan acaɓan Dutsin-Ma sun daina tsaya mata. Ranar kasuwa kuwa sai ta shimfiɗa tabarma a bakin rumfar masu hatsi, ta ajiye sikeli da tef irin na tela da 'yar na'urar gwajin jini. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

'Yar Kurfi ce. Abin da ta karanta shi ne yadda jiki ke sarrafa abinci, da yadda ƙiba ke jawo ciwon suga da hawan jini. Da ta fara, dariya aka yi mata. Wata Hajiya Batula, matar wani dillalin gero, ta ce mata a gaban jama'a, “Dakta, so kike in rame a ce Alhaji ba ya ciyar da ni?” Zinariya ta yi dariya tare da su, ta ce, “Hajiya, ni dai bari in auna ki, ramar mu bar ta sai wani jiƙon.”

Wanda ya juya akalar bincikenta shi ne Malam Rabo, Bafulatani daga Ɗantutture. Ya sayar da shanunsa ya dawo gari ya buɗe shago. Mutumin da ya saba yini yana bin garke ya koma zaman benci, ga shayi mai kauri da burodi safe da yamma. Siriri ne, sai ɗan tumbi da ya fito masa. Sikeli ya ce lafiyarsa lau. Amma ta lura da wani miki a yatsan ƙafarsa da ya ɗaure da tsumma, ta roƙe shi ya bari ta ɗiga jininsa. Da ta ga sakamakon sai ta dube shi.

“Baffa, kana da suga, kuma ya yi yawa.”

“Ni? Ai ciwon masu ƙiba ne. Dube ni fa, 'yata.”

“Na dube ka, shi ya sa hankalina ya tashi. In ba mu je asibiti yau ba, ƙafar nan za a iya yanke ta.”

Ita ta raka shi. An cire yatsa ɗaya, ƙafar ta tsira. Amma tambaya ta hana Zinariya sakat: mutum nawa ne irin Rabo da sikeli ke sallama alhali ciwo na cin su?

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana neman amsa. Ta auna masunta a Zobe, da manoman Shema, da matan da ba sa fita sai ta shiga gidajensu. Da hanyoyin ƙauye suka daina biyuwa saboda rashin tsaro, ta zaci aikin ya mutu. Sai ga mutanen suna zuwa da kansu ranar kasuwa, Rabo ne ke jawo su, yana cewa, “Ku zo 'yar Kurfi ta duba ku.” Abin da ta gano shi ne, a cikin mutanen da ta bibiya, faɗin ƙugu ya fi nauyin jiki saurin tona ciwon. Sau biyu mujallun kimiyya suna dawo mata da rubutun da ta yi kan binciken. Ta ƙara shekara uku tana tara hujja, a karo na uku aka buga.

Yau ɗalibanta na koyarwa a jami'o'i, masu bincike na nesa suna kafa hujja da aikinta, wasu ma ba su san mace ce ba. A Dutsin-Ma kuwa har gobe “mai awo” ake kiranta.

Dakta, ke ce kika ɗauki ilimi daga kan takarda kika kai shi bakin rumfa. Ke ce ba ki taɓa kunyata mai ƙiba ba, ba ki ce wa talaka ya ci abin da ba shi da shi ba. Cewa kika yi a koma ga gero da zogale da rama, a dama fura ba sukari, a taka ƙasa. Uwar masu bincike, mai haƙurin bibiya, mun gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar da kika nema wa wasu.

Matasanmu masu karatun kimiyya, ga abin koyi a ƙofar gidanku. Tambayar da za ta ɗaukaka ku tana iya kasancewa a jikin maƙwabcinku.

Da abokan aikinta suka tambaye ta abin da za ta yi bayan ritaya, sai ta dube su da mamaki.

“Akwai mutum ɗari uku da ban duba ba bana,” in ji ta. “Su ai ba su san na yi ritaya ba.”