Mai Katifa Ya Koma Aji

Baba Auduga ake ce masa, saboda shekara da shekaru ba a raba gemunsa da ɓurɓushin auduga. Katifa yake yi irin ta da: a ɗinka yadi mai kauri, a ɗura masa auduga, a bi da basilla ana ɗaurewa layi-layi. Wurin kawunsa ya gaji sana'ar, a wani ɗan shago mai ƙofar langa-langa da ke jikin rumfar mai walda. Da ita ya yi aure, da ita ya aurar da ƙannensa, ya kuma sa 'ya'yansa a makaranta.

Sai katifar soso ta shigo gari. Ba rana ɗaya ta kashe masa kasuwa ba. Masu sayen kayan ɗakin amare ne suka fara ɗauke ƙafa, masu masaukin baƙi suka bi bayansu, daga ƙarshe har tsofaffin da ke rantsuwa soso na sa ciwon baya suka koma gaishe shi daga nesa. Ta kai yana buɗe shago don kada dai a ce ya rufe. Mai walda yakan tsokane shi, wai shi kaɗai ne ɗan kasuwar da ke barci a kan hajarsa da rana tsaka.

Babbar 'yarsa, mai koyarwa a firamare, ita ta ji labarin cibiyar koyon sana'a da aka buɗe bayan tashar mota. Ba ta yi shawara da shi ba, ta je ta samar masa gurbi a ajin ɗinkin kujeru. Da ta gaya masa, sai ya ce:

"Ni da furfurata zan je in zauna da sa'o'in 'ya'yana?"

"Baba, ai ba furfurar ce za ta riƙe almakashi ba," in ji ta.

 Da safe dai ya tarar matarsa ta goge masa riga ta rataye a ƙofar ɗaki, ya sa ya tafi.

Ajin wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano, kekunan ɗinki na lantarki a jere, warin gam ya cika ko'ina. Malamar ba ta girmi 'yarsa ba. Baba take ce masa, amma ba ta raga masa ko kaɗan. Shi ya saba awo da ido da tafin hannu, ita kuwa ta ce sai da tef da alli. Keken ma ya ƙi shi, da ya taka sai ya zura da gudu ya cinye leda. Kujerarsa ta farko ta fito a karkace, 'yan ajin suka sa mata suna maganin baƙo, wai duk wanda ya zauna ba zai jira abinci ba. Ya yi dariya tare da su, ya warware ta, ya sake. Kafin a gama zangon karatun, hannunsa ya faɗa.

Ranar yaye su aka ba kowa keke da takardar shaida, aka ɗauki hoto. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, dukkansu abu ɗaya suka koya, kuma unguwa ɗaya za su koma. Ba a jima ba layin ya cika da kujerun falo iri ɗaya, launi ɗaya, kowa na karya farashi don ya kayar da maƙwabcinsa. Ana cikin haka wani babban kanti ya fara shigo da kujerun waje, masu sheƙi, ga araha. Kujerun Baba Auduga suka zauna a ƙofar shago har rana ta koɗar da su. An gudu ba a tsira ba.

Mafitar ta zo ne daga rumfar mai walda. Masu babur na haya kan kawo masa gyara, su zauna jira, kujerun baburansu duk a yage an ɗaure da roba. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya leƙo ya tambaya ko za a iya rufe masa tasa. Baba ya cire ta, ya sake soson, ya ƙara kauri a baya inda fasinja ke zama da kaya. Masu babur kuwa bakinsu ba ya riƙe labari. Kafin wani lokaci sai ga su a jere, sannan direbobin bas, sannan masu aski da kujerunsu da suka fashe. Babban kantin bai dame shi a nan ba, don ba wanda ke yin odar gyara daga waje.

Da damina ta zo, ruwa ya riƙa shiga ta bakin ɗinki yana ruɓar da soson, masu babur suka fara ƙorafi. Ya ajiye girman kai ya koma wurin Malama. Ta biyo shi har shago, ta nuna masa yadda ake juya ɗinkin ya kwanta ta ƙasa, ta tsaya tana kallon baburan da ke jira. A zango na gaba ta sa kujerar babur cikin darasin cibiyar. Abin ya sosa masa rai, ya same ta da maganar.

"Malama, kin koya mini, yanzu kuma kin koya wa masu ƙwace mini."

"Baba, baburan garin nan sun fi ku yawa," ta ce, ta ci gaba da yankan ledarta.

Aiki ya fi ƙarfin hannu ɗaya, ya ɗauko biyu cikin 'yan ajinsu da shagunansu suka mutu: wata bazawara mai tsabtar ɗinki, da wani dogo da ake kira Sanda. Sanda bai daɗe ba ya buɗe nasa a tsallaken titi, ya tafi da rabin masu bas. Baba ya yi fushi na ɗan lokaci, daga baya suka koma aron gam da ƙusa kamar ba a yi ba.

Yanzu idonsa ya yi rauni, ya bar wa bazawarar keke, ita ke karɓar aiki, ta ɗauki mata biyu suna koyo a hannunta. Shi yana zaune a bakin ƙofa yana yankan soso, yana shafa kowace kujera kafin a ɗaura ta. Har yau bai taɓa hawa babur ba. In wani mai babur ya ce ya zo ya kai shi gida, sai ya ce ƙafarsa lafiya lau, ya kama hanya.