In Ga Jikinka Kafin Magariba

Baba ya ƙare ƙarfinsa yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa ta Lome zuwa Yamai a babbar mota, amma ko yatsa bai taɓa tsomawa a teku ba. Mu 'yan Zongo haka muke. Muna cin kifinta, muna shan iskarta, shiga ciki kuwa mun bar wa masunta 'yan ƙasa. Sai ga shi Allah ya jarrabi mutumin nan da ɗa irin Yayana.

A tafkin Togo abin ya fara, ranar da makarantarsu ta kai su yawo. Can ya ga abin da ake kira planche à voile: dogon falanki ne da aka kafa wa sanda da babban ƙyalle mai kama iska, mutum ya tsaya a kai yana riƙe da ƙarfe, iska ta ja shi. Kafin mu ankara ya bar tafki ya koma teku. Ni ƙanwarsa ce, kuma ban raga masa ba. Kullum sai na ce ga mai shanya zane a kan ruwa ya dawo.

Da aka zaɓe shi cikin masu wakiltar ƙasa, dole magana ta kai gaban Baba. Ina zuba masa ruwan alwala a buta lokacin, don haka a kunnena aka yi.

"Ba mutuwa nake tsoro ba," in ji Baba. "Wanda ya mutu a hanya, na sha gani, ana ɗauko shi, a yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a yi masa salla. Wanda teku ta ɗauka fa? Me zan wanke? Me zan binne?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Baba, akwai gilet, rigar da ke hana mutum nutsewa, akwai jirgin da ke bin mu a baya."

"Ban hana ka ba. Amma duk ranar da ka shiga ruwa, ka zo in ga jikinka kafin magariba."

Haka kuwa aka yi, shekara da shekaru. Yaya zai shigo gishiri ya bushe fari a wuyansa, tafin hannunsa duk kanta, ya durƙusa gefen tabarma. Baba ya kama wuyan hannunsa ya ɗan matsa.

"Ka dawo?"

"Na dawo, Baba."

"To, je ka yi alwala."

Iyakar hirar ke nan. Bai taɓa tambayar wa ya zo na ɗaya ba. Lambobin yabon da Yaya ke kawowa Inna ce ke rataye su a ƙusa ɗaya da carbinta.

Da gasa ta fara kai shi ƙasashen waje, sai na ce a riƙa kira ta waya mai hoto. Baba ya kalli fuskar ɗansa a gilashi, ya miƙo mini abata. "Hoto ba jiki ba ne," ya ce. Har Yaya ya dawo Baba ba ya cin abincin kirki. A lokacin haushinsa nake ji, ina ganin taurin kai ne kawai na tsofaffi. Yaya kuwa daga filin jirgi kai tsaye yake zuwa tabarmar nan, jaka a kafaɗa.

Baba ya rasu da hantsi, bayan zazzaɓin da ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Yaya yana arewacin Afirka, a gasar da ya fi shekara yana shiri dominta. Na yi ta kira, wayarsa tana cikin jaka a bakin gaɓa, shi yana kan ruwa. Kawunmu ya ce ba a ajiye gawar Musulmi ana jiran jirgin sama, kuma gaskiya ya faɗa. Bayan azahar aka kai Baba makwancinsa. A ranar ne Yaya ya yi tseren da ya fi kowanne kyau a rayuwarsa.

Da ya iso, bai tsaya wajen masu zaman makoki ba. Ya wuce inda tabarmar take, ya durƙusa a kan siminti. Na je na tsaya kusa da shi.

"Shi ya ga jikina kullum," ya ce. "Ni ban ga nasa ba."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba.

Mun zaci zai bar ruwa, amma bai bari ba. Ya ƙara wasu shekaru yana gasa har gwiwa ta hana shi, yanzu yara yake koyarwa. Sai dai duk ranar da ya shiga teku, ba ya zuwa gida sai ya biya ta maƙabarta a kan babur, gishiri a wuyansa, kafin a kira magariba.

Na taɓa tambayarsa me yake faɗa bayan addu'a. Ya ce ba wani abu ba ne, "Na dawo, Baba" ne kawai. Sannan ya ɗan jira kaɗan, ya tashi ya je ya yi alwala.