Kwalbar da Ta Ƙare da Wuri

Kafin mai shara ya gama da barandar asibitin yara, ta riga ta buɗe tagar ɗakin magani, tabarau rataye a wuya. Iyaye mata suna kiranta Anti Tambaya, domin ko farasitamol ba ta miƙawa sai ta ji wa zai sha, wa zai bayar, da me za a auna. Masu sauri su yi ta tsaki a layi, ita ko a jikinta.

Cikin masu tsakin har da wata mai ɗan fari. Ta zo karɓar bitamin D na ɗigawa da likita ya rubuta wa jaririnta, yaron a bayanta ya yi laushi kamar tsumma.

"Maman yaro, ba kwanan nan na ba ki kwalba ba? Ko miya kuke yi da shi?"

"Ƙarewa ya yi, Anti."

"Abin da ake ɗiga ɗaya a rana? Wa ke ba shi?"

"Ni da safe, sai kakarsa in na tafi aiki."

Tana faɗa uwar ta tuna wani abu. Kaka ta sha cewa ƙafar angon nata kamar za ta gwame, kuma cika bututun ɗiga maganin take yi taf, wai ai bitamin abinci ne. Amai da ƙin nono da yawan fitsarin da yake yi kuwa, duk gidan an ɗora wa haƙori.

Anti ba ta yi faɗa ba. Ta bar wa abokiyar aikinta taga, ta riƙo hannun uwar har gaban likita. A hanya take gaya mata cewa wannan bitamin ba ya bin fitsari ya fice, taruwa yake yi a jiki, ya sa sinadarin kalsiyam ya hau a jini har ya taɓa ƙoda. Gwaji ya nuna ya hau ɗin, amma an tari abin da wuri. Aka tsayar da maganin, aka kwantar da yaro, aka sa masa ruwa.

Kaka ta iso tana kuka, ta kasa haɗa ido da kowa. Anti ta dafa kafaɗarta. "Inna, so ne ya yi yawa. Ɗigo ɗaya ya ishi angon naki, sauran ki biya shi da goyo."

Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki, Anti. Ke ce kika lura da kwalbar da ta ƙare da wuri, ke ce kika tsamo jariri ba tare da kin kunyata tsohuwa ba. Yaron nan yau gudu yake yi, kakarsa na binsa tana haki. Allah ya saka miki, ya ba ki masu kula da ke.

Iyaye mata, mu bar magani a hannun mutum ɗaya, mu tsaya a kan awon likita. Wanda zai gaji tagar nan kuma, don Allah ya gaji tambayar. Za mu jira a layi, ba tsaki.